Hotunan matan Yoshiwara: gwaninta ce ko tallan gidan karuwai?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga hoton nan na ɗora. Aikin Kitagawa Utamaro ne, mutumin Japan da ya rasu a 1806, matar kuma ana kiranta Hanaogi ta gidan Ogiya. Don Allah ku buɗe shi da girma ku dubi gashin da ke bakin goshinta, sili-sili, ko ɗaya bai hau kan ɗan'uwansa ba. Kuma ba alƙalami aka sa a takardar nan ba, a jikin katako aka sassaƙa aka buga. Irin waɗannan hotuna su ake kira ukiyo-e. Ni a ganina ba a taɓa zana mace da kyau irin haka ba, amma ƙawata ta ce in rage yabo, wai tallan gidan karuwai ne aka yi wa ado. Mun yi ta ja-in-ja har mun gaji. Masana, ku raba mu.

Mai Ɗab'i:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin a shiga maganar matan bari in kare 'yan uwana masu sana'a, don kullum Utamaro ake yabo a manta da wanda ya riƙe wuƙar. Hannu huɗu ne a kan kowane hoto. Akwai mai kuɗin, wato mawallafi, shi ke cewa ga abin da za a zana. Mai zane ya zana da baƙar tawada a siririyar takarda. Masassaƙi ya kifa takardar a kan allon itacen ceri ya manna ta, ya murje bayanta da yatsa har layukan su bayyana, sannan ya bi su da wuƙa. Ke nan zanen hannun Utamaro na asali a nan ya ƙare, wuƙa ta cinye shi. Gashin nan da kike magana ba kowa ake ba wa ba, sai babban gwanin shagon, wanda ake cewa yakan fitar da sili uku a cikin milimita ɗaya. Masu koyo sai dai a ba su tufafi da bango.

Sai mai bugu. Babu inji ko ɗaya. Ya shafa launi da ɗan kunun shinkafa a allon da buroshi, ya ɗora takarda mai ɗan laima, ya murza bayanta da wani ƙaramin faifai da aka naɗe da ɓawon gora, baren sunansa. Kowane launi da allonsa. In launi goma ne, takarda ɗaya sai ta hau allo sau goma, kuma abin da ke hana launi zamewa wasu 'yan tsagu biyu ne kawai a gefen allon inda ake tokare bakin takardar. Ni da nake aiki da inji na san yadda daidaita launi huɗu ke sa mutum zufa. Wani wurin ma ba launi suke sawa ba, sai su danna takardar ta kumbura, farin kimono, wato doguwar rigar Japanawa, ya fito da zane wanda sai ka karkata shi ga haske za ka gani. Duk wanda ya ce wannan ba gwaninta ba ce, ya zo shago in ba shi wuƙa.

Baba Malam:
Madalla da Mai Ɗab'i. In ƙara masa: bugu mai launuka da yawa ya kankama ne a 1765 a hannun Suzuki Harunobu. Kafin nan baƙi da fari ake bugawa, wani lokaci a bi da hannu a shafa launi, daga baya aka samu mai launi biyu ko uku. Kuma kada a ɗauka kayan sarakuna ne. Hoto ɗaya kuɗinsa bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu a bakin titi ba. Akan buga kamar 200 a zubin farko, in ya samu kasuwa a sake.

Anti Uwar Biyu:
Ba wanda ya ce masassaƙi bai iya ba. Ƙawarki ce ke da gaskiya, 'yata. Tambayi kanki wa ya biya kuɗin allon. Babban mawallafin Utamaro shi ne Tsutaya Juzaburo, a cikin unguwar Yoshiwara aka haife shi a 1750, kuma shagonsa na farko a bakin ƙofar unguwar yake. Da me ya fara kasuwa? Da ɗan littafin jagora da ake sabuntawa a kai a kai, mai ɗauke da sunan kowane gida, sunan kowace mace, matsayinta da farashinta. Mutumin da ya tashi da sayar da jerin farashi shi ne ya koma sayar da fuskokinsu. Ki sake duba hoton naki: sunanta na nan a rubuce, sunan gidan da za a same ta na nan. A wasu hotunan har da sunayen 'yan yaran da ke yi mata hidima. Isoda Koryusai ya yi jerin hotuna sama da ɗari a shekarun 1770, kowace mace da sabon kimononta na shiga sabuwar shekara, da sunanta da gidanta. Masana da dama suna ganin gidajen ko manyan masu zuwa wurinsu ne ke tallafa wa kuɗin bugun. In wannan ba talla ba ne, a faɗa mini sunansa.

Sarkin Zolaya:
Anti ta shigo da zafinta. Mai Ɗab'i, ka ajiye wuƙar nan tukuna.

Abu Huzaifa:
Subhanallah. Duk faɗin ilimin duniya sai hotunan karuwan wata ƙasa za mu zauna muna tattaunawa? Admin, a duba.

Admin:
Malam Abu Huzaifa, an ji, kuma an gode da tunatarwa. Tarihi ake yi. Hoton da aka ɗora mace ce cikin tufafinta. Akwai wani reshe na wannan sana'a mai nuna tsiraici, wanda ya kawo shi nan zan cire shi in cire mai shi. A ci gaba.

Ɗan Damagaram:
Ni ku fahimtar da ni tukuna. Yoshiwara ɗin nan gari ne ko gida? Kuma waɗannan su ne geisha da muke ji?

Baba Malam:
Unguwa ce, ɗana, a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo. Gwamnatin gidan Tokugawa ce ta ba da izinin kafa ta a 1617, don a tattara harkar wuri ɗaya a riƙa sa ido. Bayan babbar gobarar 1657 aka mayar da ita bayan gari, can cikin gonakin shinkafa kusa da Asakusa. An zagaye ta da gwalalo mai ruwa, ƙofar shiga da fita ɗaya ce, da masu gadi. Namiji ya shiga ya fita yadda ya so. Macen da ke aiki a ciki ba ta fita.

Me ya sa kasuwar ta yi ƙarfi haka? Edo garin maza ne. Doka ta tilasta wa sarakunan larduna su riƙa zuwa suna zama a birnin shekara guda, su koma gida shekara guda, kuma da dakarunsu suke zuwa, akasari ba da iyali ba. Ga 'yan ci-rani, magina da yaran shaguna. Ƙidayar 1721 ta talakawan birnin ta nuna maza sun haura 320,000, mata ba su kai 180,000 ba.

Geisha daban ce. Ita kiɗa da rawa da hira ne aikinta, kuma a cikin Yoshiwara an hana ta ƙwace wa masu gida baƙi, har ofishin sa ido aka kafa musu a 1779. Wadda ke hoton nan oiran ce, mai babban matsayi. Gane ta ba wuya: ɗamararta a gaba take ɗaurewa, ba a baya ba, kanta cike da tsinkunan ado na ƙoƙon kunkuru, ƙafarta ba safa ko da ana sanyin ƙanƙara, in za ta fita tarbar baƙo tana kan takalmin katako mai tsawo, tana jan ƙafa a hankali, yara biyu a gefenta, namiji na riƙe mata laima.

Sarkin Zolaya:
Ashe dai gidan magajiya ne da ya yi digiri.

Anti Uwar Biyu:
Kai Sarki, ko kusa. Wadda ta shiga gidan magajiya a ƙasar nan galibi babba ce, sau da yawa aure ne ya mutu ta ƙi komawa gida, kuma ran da ta ga dama ta tattara kayanta ta koma, ko ta yi aure, ba mai tare mata ƙofa. Ba yabon abin nake ba, amma ƙafarta tata ce. Ta Yoshiwara tun tana 'yar shekara bakwai zuwa goma dillali ke zuwa ƙauyensu, shekarar da amfanin gona bai yi ba, ya ba uban kuɗi a hannu. A takarda ba a rubuta saye ba, don doka ta hana cinikin mutum, sai a rubuta kwantiragin aiki. Shekarun da za ta yi tana hidima tana yarinya ba sa cikin lissafi. Sai ran da ta fara karɓar baƙi ake fara ƙirga mata shekara goma, ta gama tana wajen 27.

Ku saurari inda muguntar take. Kimonon nan da muke ta yabo, bashi ne a kanta. Tsinkunan kai, bashi. Katifun siliki da ake jibgawa a ɗakinta, in ba wani attajiri ya saya mata ba, bashi. Tufafin yaran da ke bin ta, ita ke biya. Akwai ranakun biki da ake ninka farashi, kuma in ba ta samu baƙo ranar ba ita za ta biya gidan kuɗin daren daga aljihunta. Duk yadda ta ƙara ɗaukaka, haka bashin ke ƙara nauyi. Har harshenta ba a bar mata ba, wani salon magana na unguwar ake koya mata don kada baƙo ya ji karin ƙauyensu. Sunan ma ba nata ba ne. Hanaogi sunan gidan Ogiya ne, in wannan ta tafi a ɗora wa wata.

Ɗalibar Zane:
Anti, jikina ya yi sanyi. Amma ai fuskar tata ce ko? Ana cewa Utamaro ya fi kowa nuna halin mace a fuska.

Mai Ɗab'i:
Nan kam sai an yi adalci. Ki jera hotunansa goma ki rufe rubutun, da ƙyar ki raba su: doguwar fuska, ido kamar tsaga, ɗan mitsitsin baki. Akwai wani shahararren hotonsa na wajen 1793 mai mata uku, biyu 'yan shagon shayi, ɗaya geisha. In kin ƙura ido za ki ga hancin wannan ya ɗan lanƙwasa, idon waccan ya ɗan ɗaga, amma tambarin da ke jikin tufafi da maficinsu ne ke faɗa miki wace ce wace. Abin da ya kawo sabo shi ne matso da fuska kusa, daga ƙirji zuwa sama, da shafa garin dutse mai ƙyalli a bayan hoton, da kuma yanayi: yadda ta karkata wuya, yadda ta riƙe wasiƙa ko lofe. Yanayi ya iya. Kama kuwa ba ita ake saye ba.

Anti Uwar Biyu:
To ka faɗa da bakinka. Mace ba ta cikin hoton, kaya ne a ciki.

Mai Ɗab'i:
Haba Anti, ban ce haka ba. Haka suke zana kowa a lokacin, har matan aure da 'yan shago. Salon zamani ne, ba raini ba. Kuma ba maza kaɗai ke saye ba. Mata na saye su ga sabon kitso da sabon zanen yadi, baƙi na saye su kai tsaraba larduna saboda ba nauyi ba tsada.

Yayanku na Saitama:
Salamu alaikum, na shigo a makare, aiki ya riƙe ni. Ni da yake ina kusa da Tokyo, bari in faɗi abin da ido ya gani. Sunan Yoshiwara ya fita daga adireshi, yanzu Senzoku ake kiran wurin, a gundumar Taito. Amma hanyar shiga tana nan da lanƙwasarta, yadda aka yi ta tun asali don wanda ke kan babban titi kada ya hango ciki. A bakin hanyar akwai wata bishiya da aka ce a nan maza ke waiwayowa in za su koma gida da safe. Ba ta asalin ba ce, an sha sake dasawa, kuma yau a gaban gidan mai take tsaye, motoci na shan fetur a bayanta.

In ka taka zuwa Minowa, ba nisa, akwai ƙaramin wurin ibadar mabiya Buda mai suna Jokanji. Nan ake kai gawar matan da ba su da mai karɓa. Ana ƙiyasta sun kai 25,000 a tsawon zamanin unguwar. A bayan ginin, cikin maƙabarta, akwai hasumiyar tunawa da su, a jikinta akwai 'yar taga mai sandunan ƙarfe, in ka leƙa za ka hango tukwanen toka a jere. Mutane na ajiye jan baki da mataji da tsinken gashi a wurin. Waɗanda suka bi littafin rajistar wurin sun ce matsakaicin shekarun mutuwa bai wuce 22 ba. Ku tuna Anti ta ce kwantiragi na ƙarewa ne a wajen 27. Tunjere da tarin fuka ne suka fi cinye su.

Kuma wannan gardamar taku su ma Japanawa suna yin ta. A 2024 gidan kayan tarihi na jami'ar fasaha ta Tokyo ya shirya babban baje koli a kan Yoshiwara. Tun kafin a buɗe mutane suka yi ca a intanet, suka ce tallan ya mayar da wurin kamar dandalin ado da shagali. Sai da masu shiryawa suka fitar da bayani suka gyara tallan.

Ɗan Damagaram:
Inna lillahi. Yaya, to babu mai zanen da ya nuna wannan ɓangaren?

Baba Malam:
Akwai ɗan abin da ya leƙo. Utamaro da kansa ya yi wani jeri mai hoto biyar na matan unguwar daga sama har ƙasa. Na ƙasan su ne masu zama a 'yan ɗakunan bakin gwalalo, masu arha. Ɗaya ya zana ta gashi a hargitse, riga a sake, takarda a baki, jiki ba fasali irin na oiran. Ya kuma yi wani jeri mai hoto goma sha biyu da ke bin sa'o'in yini da dare a gidan, har da lokacin da mace ta tashi tsakar dare ido na lumshewa da barci. Amma ciwo, duka, yunwa, gawa, babu. Wa zai saya?

Wadda ta fi burge ni 'yar shahararren mai zane Hokusai ce, Katsushika Oi. Nata zanen hannu ne, ba bugu ba, yana gidan tarihi na Ota a Tokyo. Ta zana gaban wani gida da dare, matan na zaune a bayan shingen katako inda ake jera su maza na leƙe daga waje. Hasken fitila ya cika ɗakin, masu leƙen sun zama inuwa, kuma sandunan shingen sun yanke fuskokin kusan dukkan matan. Masu zane maza galibi sukan cire shingen nan daga hoto su nuna fuska. Ita ta bar shi a inda yake.

Anti Uwar Biyu:
Allah ya saka, Baba. Sai da mace ta riƙe buroshi.

Mai Ɗab'i:
Anti, kada ki manta ita ma sayarwa ta yi. Kuma ina da ƙorafi a kan yadda kike maganar matan nan kamar ba su da komai sai wahala. A 1784 Tsutaya ɗin nan da kike zargi ya buga wani babban kundi na Kitao Masanobu, inda aka zana manyan oiran kuma a saman kowace aka sassaƙa waƙar da ta rubuta da hannunta, yadda rubutunta yake. Sun iya rubutu, sun iya waƙa, sun iya kiɗa da dara. Mawaƙa da marubutan Edo a wurinsu suke taruwa. Shi Masanobun, wanda aka fi sani da Santo Kyoden a fagen rubutu, matansa biyu duk daga unguwar ya auro su, ɗaya bayan rasuwar ɗaya. In muka ce ba komai a hoton sai kaya, mu ma mun shafe su ke nan.

Anti Uwar Biyu:
Wa ya koya mata rubutun, kuma don me? Gidan ne, don farashinta ya hau, don ta iya rubuta wa baƙo wasiƙar da za ta dawo da shi. Ban ce ba su da basira ba, ɗan'uwana. Cewa na yi basirar ma an sa mata kuɗi. Kana son ka ji muryarsu da gaske? A 1849 mata 16 na gidan Umemotoya suka haɗa baki suka cinna wa gidan wuta, sannan suka kai kansu ga hukuma suka ce mu ne, kuma ga dalili: mai gidan na azabtar da su da duka da yunwa. A garin da hukuncin mai cinna wuta shi ne a ƙone shi da rai! Sun san haka suka yi. Aka yi shari'a, mai gidan ma aka kore shi zuwa tsibiri. Wannan ita ce muryarsu, kuma a takardun shari'a take, ba a shagon hotuna ba.

Sarkin Zolaya:
Ni dai tambayata, babu wadda ta dace da mai kuɗi ya fanshe ta? Kada a bar mu cikin baƙin ciki haka.

Baba Malam:
Akwai, amma ka ji yadda takan kasance. A 1775 wani makaho mai ba da bashi da ruwa, Toriyama Kengyo, ya fanshi Segawa ta gidan Matsubaya a kan kuɗin zinariya ryo 1,400, a zamanin da 'yar aikin gida ke samun ryo biyu zuwa uku a shekara. Garin ya ɗauka, har littattafai aka rubuta. Bayan shekara uku hukuma ta kama shi saboda tsananin kuɗin ruwansa ta ƙwace dukiyar. Kuma irin su Segawa 'yan ƙalilan ne a cikin mata dubu biyu zuwa uku da ke unguwar a ƙarni na 18. Hotunan duk a kan wannan 'yan ƙalilan ɗin suka taru.

Wani abu da zai taimaka wa gardamar Anti da Mai Ɗab'i shi ne yadda gwamnati ta ɗauki hotunan. Daga 1790 aka wajabta hatimin tantancewa a kan kowane bugu. A 1791 aka sa wa Kyoden ankwa kwana 50 saboda littattafansa a kan unguwar, Tsutaya kuma aka ci shi tara mai nauyi. A 1793 aka hana rubuta sunan mace a hoto, amma ban da matan Yoshiwara. 'Yar shagon shayi ba a yarda a tallata ta ba, mai lasisi kuwa an yarda. Utamaro ya koma ɓoye sunaye cikin 'yan zane-zanen wasa ƙwaƙwalwa a kusurwar hoto, a 1796 aka hana wannan ma. Shi kansa ya sha ankwa ta kwana 50 a 1804, amma ba don mata ba, don ya zana Toyotomi Hideyoshi, wanda gidan Tokugawa suka gaji mulki daga zuriyarsa da ƙarfin takobi.

Anti Uwar Biyu:
Ka ji ko, Mai Ɗab'i? Hukumar da ke raye a lokacin ma ta san talla ne.

Mai Ɗab'i:
Na ji. Talla ne, kuma gwaninta ce. Ban ga inda ɗaya ya kori ɗaya ba.

Ɗan Damagaram:
Mu nan da muka yi karatu da Faransanci ta wata ƙofa muka san hotunan nan. A watan Mayun 1886 wata mujallar Paris ta sa hoton oiran na Keisai Eisen a bangonta. Mai zanen nan Van Gogh ya gani, ya kwafe shi a 1887, ya ƙara masa girma, ya zuba masa launuka masu ƙarfi, ya kewaye shi da kududdufi da kwaɗi da gora. Yana gidan tarihinsa a Amsterdam. Shi kansa ya tara ɗaruruwan irin waɗannan bugu, mai zane Monet ma ya cika bangon gidansa na Giverny da su. A 1891 Edmond de Goncourt ya rubuta littafi sukutum a kan Utamaro. A makaranta an koya mana yadda suka canja wa Turawa ido: launi shimfiɗe ba inuwa, layi mai ƙarfi, yanke hoto ta gefe. Amma ko sau ɗaya malami bai ce mana yarinyar da ke cikin hoton bashi ake bin ta ba.

Ɗalibar Zane:
Mu ma haka. Baba, wata tambaya a gefe: me ya sa wasu hotunan da nake gani launinsu ya koɗe, duk sun koma ruwan ƙasa, wasu kuma kamar jiya aka buga?

Mai Ɗab'i:
Bari in amsa wa Baba wannan, fagena ne. Launukan tsirrai ne. Ja daga furen beni, shuɗi daga wani fure da ko laima ba ya jurewa, balle rana. Shunayya haɗin su biyun ne, shi ya sa take fara mutuwa. Sai wajen 1830 shuɗin Turai mai ƙarko ya yaɗu. Masu kyan da kike gani, da yawa daga Boston suke. Wasu 'yan uwa biyu, Spaulding, sun ba gidan tarihin birnin bugu sama da 6,000 a 1921 da sharaɗin kada a taɓa rataye su a bango. An kiyaye sharaɗin, shi ya sa launin ya tsira, yanzu kuma an ɗauke su a hoto an sa a intanet. In kina son ganin abin da mutumin Edo ya gani, can za ki duba.

Abu Huzaifa:
Tunda an ci gaba, ni ma in tambaya. Yaushe aka kawo ƙarshen wannan zalunci?

Baba Malam:
Ya daɗe bai ƙare ba, Malam. A 1872 wani jirgin ruwan ƙasar Peru mai suna Maria Luz ya tsaya a Yokohama ɗauke da leburori 'yan Sin. Ɗaya ya faɗa ruwa ya tsere, magana ta kai kotu, Japan ta ce wannan bauta ce ta sake su. Lauyan kyaftin ɗin ya ce, ku da kuke sayar da 'ya'yanku mata da irin wannan kwantiragi? A cikin shekarar gwamnati ta fitar da dokar 'yanta matan. Hujjar da ma'aikatar shari'a ta bayar wajen yafe bashin ita ce abin mamaki: wai waɗannan mata sun rasa 'yancinsu har sun zama daidai da shanu da dawaki, kuma ba a bin dabba bashi.

Abu Huzaifa:
La haula. To sun koma gida?

Baba Malam:
Wasu sun tafi. Da yawa ba inda za su, gidan da ya karɓi kuɗi a kansu ba shi da abin ciyar da su. Masu gidajen suka sake suna, suka ce su masu ba da hayar ɗaki ne, mace kuma da ra'ayinta take aiki, aka ba ta lasisi, aka sake rubuta bashin da sunan rance. A lokacin kyamara ta fara karɓe kasuwar masassaƙa. A 1916 aka hana jera mata a bayan shingen katako a Tokyo, sai gidajen suka koma jera hotunansu na kyamara a zaure, baƙo ya duba ya nuna wadda yake so. Majalisa ta zartar da dokar hana karuwanci a 1956, ta fara aiki gaba ɗaya ranar 1 ga Afrilun 1958, sannan gidajen masu lasisi suka rufe.

Yayanku na Saitama:
Lasisin ne ya rufe, Baba. Unguwar tana nan cike da gidajen da ake kira na wanka, kuma har yau hoto ake nuna wa baƙo a bakin ƙofa.